Inna Mai Kati da Wayar Asibiti

Ƙarfe bakwai na safe take isowa. Ta rataye jakarta a bayan ƙofa, ta goge tebur, ta zaro katunan ranar. Shekara talatin da ɗaya ke nan Inna Mai Kati tana wannan aiki a sashen masu asma da borin jini da raunin garkuwar jiki. Ita ba likita ba, ba nas ba. Sunanka kawai za ta kira, ta nuna maka benci.

Da annoba ta zo, aka kwashe bencin. Marasa lafiyar sashen su ne cutar ta fi yi wa haɗari, sai aka ce su zauna a gida, likita ya riƙa duba su ta kiran bidiyo. A baki abin da sauƙi. Amma sai an sami wanda zai fara kiran kowa, ya koya masa inda zai taɓa. Aka dire wa Inna waya, ita da ko saƙo 'yarta ce ke rubuta mata. Kwana uku tana fama, tabarau a kan hanci, har ta iya.

Daga nan kullum mutum arba'in, wani lokaci hamsin.

"Baba, rufin ɗakinka nake gani. Juyo da wayar."

"Yanzu fa?"

"Yanzu kuma kunnenka ne. Likita fuska yake so."

Kafin la'asar muryarta ta dishe, igiyar takunkumi ta ci mata bayan kunne. Wasu su zage ta don layi ya yanke. Ta ba su haƙuri, ta sake kira.

Nas ɗin sashen ba ta manta wata Talata ba. Inna ta kira wata mai ɗinki da ke fama da asma, don a gwada waya kafin ganin likita washegari. Matar ta ce lafiya lau take. Amma Inna ta shekara talatin tana jin numfashin mutane a kan benci, ta san na lafiya, ta san wanda ba shi ba.

"'Yar nan, ƙirga min daga ɗaya zuwa goma."

A huɗu matar ta tsaya, ƙirjinta na fito.

"Kin shaƙi maganinki?"

"Sau shida, Inna. Amma ni ba zan zo asibiti ba. Duk wanda ya shiga ba ya fitowa."

Inna ba ta taɓa shiga ɗakin likita babu sallama ba. Ranar ta banka ƙofa, ta miƙa masa wayar. Kallo ɗaya ya yi ya ce a kawo ta yanzu. Matar ta ƙi. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Ni ma tsoro nake ji, kullum da shi nake zuwa. Ki taho, ina bakin ƙofa." Ba ta kashe ba har mijin ya samo mota. Matar ta kwana biyar a asibiti, ta koma kan keken ɗinkinta.

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai safiyar da ta kira wani dattijo, matarsa ta ɗauka ta ce jiya aka yi jana'izarsa. Inna ta yi mata gaisuwa, ta cire katin, ta ajiye shi gefe. Nas ta ce ta je ta huta. Ta girgiza kai: "Saura mutum talatin da takwas."

Inna, ke ce muryar da ke riga likita shiga gida. Da aka rubuta rahoton yadda sashen ya duba dubban mutane daga nesa, babu sunanki a ciki, ba ki kuma tambaya ba. Mu abokan aikinki mun ga yadda kike dafa bango in za ki tashi. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, kin ce abin da kike so kawai ki wuni ba a kira ki ba.

Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar hutawa. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, in kun tambayi mutum yaya jiki ya ce da sauƙi, kada ku yi saurin ajiye waya. Ku ɗan tsaya ku saurara.