Shekarar da Aka Yanke Kalangun Mati

Babban ɗana, mai aikin rediyo a nan Landan, ya shigo min kwanaki da labarin wani shiri da yake haɗawa. Wai a Amurka, tun zamanin kakanninmu, an yi wata ƙungiya ta masu wasan besbol, wasan da ake jefo ƙwallo mutum ya maka mata kulki ya zura da gudu. Sana'arsu ke nan, gari-gari suke bi. Sun shiga kakar wasa da ƙarfinsu, sai suka dinga faɗuwa, aka ce a cikinsu akwai wanda ya ci amana. Na ce masa kafin ya karanta sunan ɗan mutane a rediyo, ya fara sanin wa ya gan shi, kuma me aka gani. Ya yi dariya ya ce ni dai ban yarda da kowa ba. Ban musa ba. Amma da ya fita sai na zauna ina tuna Iya.

Iya kakata ce ta wajen uba. Mu gidan mahauta ne, a wani gari gabas da Kano. Lokacin sanyi, in an ci tuwo, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta ba sa zama wuri ɗaya, abin da kura ta yi jiya yau dila ne zai yi shi, in ka yi magana ta ce ka je ka nemo taka kakar. Labari ɗaya ne ba ya canzawa ko da kalma. Ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya, ba ta jira mu amsa. Sai ta gyara wuta, ta ce, "A shekarar da aka yanke kalangun Mati." Tun ina ƙarama na lura da wannan, kuma ban yarda banza ba ne.

Ta ce lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa Kano ba. In an gama girbi, samarin mahauta sukan haɗa ayari su fita dambe, daga wannan kasuwa zuwa waccan, ba sa dawowa sai an ga hadarin farko. Da shi suke ci, da shi suke aure. Ayarin garinmu yana da gwani, Jatau, wanda in ya naɗe hannunsa na dama da zare, ba a cika turmi biyu da shi bai kai mutum ƙasa ba. Turmi shi ne zagaye guda na faɗan, kai mutum ƙasa kuwa shi ake ce wa kisa. Jatau yana da makaɗinsa, Mati, wanda tun suna yara yake kaɗa masa takensa. Akwai kuma ƙanwar Jatau, aurenta ya mutu, ta bi ayarin tana yi musu girki. Iya ba ta taɓa faɗin sunanta ba.

Garuruwan farko Jatau ya yi kisa kamar kullum. Daga nan sai abu ya soma sauyawa. Wani fagen ya kashe nan take, wani fagen kuma a yi turmi uku yana ja da baya, a tashi ba kisa. Mutumin da ake gudunsa, ga shi ana tashi da shi kunnen doki. Ayari ya ɗauki zargi. Aka kwance layunsa aka duba. Aka canza mai naɗa masa zare. Sai ido ya koma kan tukunya, aka fara cewa ko ana ba mai girki wani abu tana barbaɗawa. Maza suka riƙa jira sai ta ci loma kafin su sa hannu.

Iya takan tsaya a nan ta juya dankali. "Mace ita kaɗai cikin maza goma sha, ana kallon hannunta," in ji ta. "Me kuke so ta yi? Sai ta buɗe nata idon."

Da ta buɗe kuwa ta gani. Duk garin da suka sauka, lokacin da abokan karawa suke naɗe hannu a masaukinsu, Mati yakan sulale ya tafi can, ya tsuguna cikinsu ana hira. Ta kuma kasa kunne a fage, ta ji a wasu ranakun yana soka wani ɗan bugu a tsakiyar taken Jatau, wanda da babu shi. Kuma ranakun da yake soka bugun su ne ranakun da ake tashi ba kisa. Sai da ta tabbatar a gari uku kafin ta je wa ubangidan ayarin da maganar: Mati yana yi wa abokan gaba ishara da kalangu.

Aka tara kowa a gindin tsamiya. Aka tambayi Mati yana zuwa can, ya ce yana zuwa. Yana ƙara bugu, ya ce yana ƙarawa. Don me? Mati ya dubi Jatau, Jatau ya dubi ƙasa. Ubangidan ya sa wuƙar fawa ya yanke igiyoyin kalangun ɗaya bayan ɗaya, aka ce ya kama hanya, kada a sake ganinsa a garinmu.

Kasuwa ta gaba aka fito wa Jatau da wani bahago, mai naɗe hannun hagu. Turmin farko naushi ya zo masa ta dama, ko gezau bai yi ba, kamar wanda bai san ana faɗa ba. Ya faɗi, muƙamuƙi a karye. A kan jaki aka dawo da shi, tun sanyi bai wuce ba, ayarin ya watse. Sai da ya iya buɗe baki ya gaya wa ƙanwarsa: idonsa na dama ya mutu tun bara. Mati kaɗai ya sani, ya kuma rantse masa ba zai faɗa ba, don in an ji, ubangida zai hana shi fage, ko kuwa kowane gari su nemo masa bahago. Zuwan da Mati yake yi, dubawa yake wane hannu ake naɗewa. Bugun nan kuwa cewa yake, kauce, ga shi nan ta dama.

Sauran yara tsine wa Jatau suke yi, su ci dankali su tafi. Ni kuwa Iya nake kallo. Ta san a wace tsamiya aka tsaya. Ta san igiya nawa aka yanke kafin Mati ya juya fuska. Na kuma lura duk Babbar Sallah takan ware cinya guda ta aika wani gidan makaɗa a garin da ba mu da dangi. Wani maraice da aka watse na tsaya, na tambaye ta wa ya ba ta wannan labarin, kuma ina matar nan ta ƙare.

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Ke 'yar nan, idonki ya yi yawa. Ita ma abin da ta gani duk gaskiya ne, ko ɗaya ba ta ƙara ba. Tashi ki kwanta."

Har Allah Ya karɓi abinSa ba ta ce ita ce ba. Ni ma ban daina zargi ba.

Na girma ina ɗauka darasin shi ne kada ka yi shiru irin na Jatau. Sai bara na san ba wannan ne nawa ba, na ƙanwarsa ne. Ina zaune da ɗana da matarsa Bilkisu a wani gidan bene a unguwar Thamesmead. Na fara ganin abubuwa. Kofina da carbina, in na ajiye su nan, sai in same su can. In na shigo kicin ita da mijinta su yanke magana, ko su juya ta Turanci, sun san ban yi boko ba. Sau biyu na ji ta a waya tana ambatar sunana tana cewa ta yi booking, wato ta kama min wuri. In mun fita sai ta manne min a gefe kamar mai gadin fursuna. Na san abin da ake yi wa tsofaffi a ƙasar nan, gida ake nema musu a kai su a ajiye. Na haɗa lissafina tsaf. Na shiga ɗaki na ɗauki saƙon murya zuwa ga ƙanena a Kano, wanda shi ne waliyyin aurensu, na zayyana masa komai, na ce yarinyar nan tana neman raba ni da ɗana. Na bar shi a wayar, in aika bayan Juma'a.

Ranar Alhamis muka je kasuwar Lewisham sayen kifi. Ta tsaya biyan mai kifi, na yi gaba ni kaɗai. Sai ji na yi an fizgo mayafina, wani mai keken kaya ya wuce ta haguna har iskarsa ta taɓa ni. Ban gan shi ba sam. Da muka dawo na rufe ƙofa, na sa tafin hannu na toshe idon dama. Tagar ɗakina ta zama kamar an shafa mata koko.

Ashe kayana gefen dama take mayar min da su, inda nake gani. Gefen da take mannewa hagu ne. Booking ɗin na likitan ido ne, suna ta shawarar yadda za su gaya wa mace irina ba ta ce an raina ta ba. Duk abin da na gani gaskiya ne, ko ɗaya ban ƙara ba.

Na sa ta goge min saƙon da hannunta, don ban san inda ake dannawa ba. Amma kafin ta goge na ce ta zauna ta saurara, ta ji abin da na kusa yi mata. Ban saba ba wa yaro haƙuri ba, bakina ya yi nauyi, amma na ba ta. Ta ƙi kunnawa. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Na riga na ji, Hajiya. Bangon gidan nan ba kauri."

Na ce ta ji, kuma ta bi ni kasuwa ta riƙe min mayafi? Ta ce to wa zai riƙe. Ta tambaye ni ko in ta sa ranar Talata zan je. Na ce zan je, amma likitan ma sai na ga take-takensa tukuna.