Wa Zai Ɗanɗana Wa Malama?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinSa, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Aminci gare ka, mai karatu.

Ranar Talata, sha bakwai ga watan jiya, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran malamar aji biyu ta makarantar unguwarmu, wadda yara ke kira Malama Ɗanɗana. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na jinkirta rubutun nan ina jiran zuciyata ta huce, amma ta ƙi.

Malama, shekara goma sha ɗaya kina ajiye kwando ƙarƙashin teburinki, da burodi, da ayaba, wani lokaci biskit. Kina gane wanda ya fito gida bai karya ba da yadda yake kifa kai a benci kafin ƙarfe goma. Amma ba ki taɓa ce wa yaro "karɓi" ba. Cewa kike bakinki ya mutu tun wani zazzaɓi, sai ki kira shi: "Zo ɗana, ɗanɗana min, anya mai burodin nan bai cuce ni ba?" Ya cinye, ya yanke hukunci, ki yi masa godiya. Kikan kira 'ya'yan masu hali ma don kada a gane. Yaro ya koma mazauninsa a matsayin wanda ya yi taimako, ba wanda aka taimaka wa ba.

Sai wani attajiri ya ce zai ciyar da ajin, bisa sharaɗin a rubuta masa sunayen mabuƙata, a jera su a ɗauki hoto. Kika ce ba ki da mabuƙata, masu ɗanɗano gare ki. Kwamitin makaranta ya fusata. Kwandon da ya shekara goma sha ɗaya bai jawo ɓera ba, a zama ɗaya aka gano yana jawo ɓeraye, aka ce a fitar da shi. Ni ne na buɗe zaman da addu'a. Da aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga, don kada a ce dattijo ya raba kan jama'a. Ni da nake karantar da mutane cewa gori yana ƙone ladan sadaka!

A wurin zaman makokinki jikata marainiya, wadda ke hannun mahaifiyarta, ta raɓo jikina ta ce, "Kaka, Malama ta ce na fi kowa iya ɗanɗano, shi ya sa kullum ni take fara kira." Ban san gidan ɗana marigayi ya kai haka ba, surukata mai kunya ce. Ke kin sani. Kina kallona na ɗaga hannu, kika rufa min asiri har kabarinki.

Yanzu kwamitin ya shirya taron tunawa da ke. Za a karanta sunayen da kika hana, a jera yaran a rana, a miƙa musu biskit da sunanki, kuma ni ake so in buɗe da addu'a. Ku ji da kyau, shugaban kwamiti da jama'arsa: ba zan zo ba. Kun ƙuntata mata tana raye, kada ku ci amanarta tana kwance. Wanda yake son ciyarwa don Allah ya ciyar, Allah ba Ya buƙatar hoto kafin Ya gani.

Ranar Litinin zan kawo kwando da kaina, in zauna a bakin ajin. Mai ƙorafin ɓera ya zo ya same ni. Ni tsoho ne, bakina ya mutu da gaske, ina neman masu ɗanɗana min.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya ɗanɗana miki ni'imar Aljanna, Ya yafe min hannun da na ɗaga. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da yaran aji biyu. Kai kuma mai karatu, Allah Ya rufa maka asiri, Ya sa ka zama mai rufa na wani. Amin.