Abin da Malam Sani Ya Faɗa wa Baƙuwa

Safiyar Talata ce. An gama yankan gero, dawa tana tsaye, wake ya fara bushewa a gona. Ƙauyenmu yana ƙasar Kusada, gaba da Mawashi. Na dama koko na kai wa maigidana, Haruna mai facin taya. Ya kurɓa ya ce, "Rabi, wannan koko ne ko ruwan wanke ƙwarya?" Na ce gobe shi zai dama. Ƙarfe bakwai da rabi ya ɗauki famfonsa ya tafi rumfarsa, ƙarƙashin iccen bedi a bakin hanya.

Ƙarfe tara saura kaɗan na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyar ba. Sai harbi, daga gabas. Kaji suka watse. Wani yana ihu, "Ku fito! Ku kwanta!" Na goya ƙaramar ɗiyata, na ja hannun babbar, muka bi ta dangar baya muka shige cikin dawa. Muna kwance muna jin ana korar shanu. Daga baya muka ji ƙaurin hatsi, muka san rumbuna ne ke ci.

Wajen sha ɗaya Haruna ya same mu, ba takalmi a ƙafarsa. Tare yake da maƙwabcinmu Malam Sani mai burodi da matarsa Talatu. Ba mu koma gida ba. Muka bi gonaki, muka yanka yamma. Ana kiran azahar muka fito titin da ke zuwa Kankia.

Akwai shinge a titin. Mutane ne da bindigogi, wasu sanye da kaki, wasu da kayan gida. Ban san su ba, ba kuma zan ɗora wa kowa suna ba. Da muka gan su mun yi hamdala.

"Maza gefe guda! Mata ku wuce!"

Wani mai rufe da fuska ya bi layin yana nuni da yatsa. Ya nuna Malam Sani ya ce shi ke kai wa ɓarayi burodi. Ya nuna Haruna ya ce shi ke yi masu faci. Aka ɗaure hannuwansu ta baya, aka jefa su bayan mota. Haruna ya ɗago kai ya ce, "Ki kai yara gidan Yaya." Motar ta tashi ƙarfe biyu da ƴan mintoci.

Yayana yana da gida a Kankia. Ya ba ni ɗaki, ya ba Talatu na kusa da shi. Wata biyar ni da ita tukunyarmu ɗaya. Tare muke zuwa ofisoshi, tare ake ce mana babu mai wannan suna a nan. In ta yi kuka in ba ta haƙuri, in na yi ta ba ni. Ban taɓa samun ƴar'uwa kamarta ba.

Wata Alhamis da la'asar aka sauke Malam Sani a ƙofar gida. Shi kaɗai. Talatu ta rangaɗa guɗa. Na tsaya ina kallon bayansa, ko wani zai shigo.

Zan faɗi gaskiya, don ita ta sa na ɗauki biro. Daga wannan rana na fara jin ƙyashin Talatu. Mijinta ya dawo da yatsu a lanƙwashe, ba ya iya riƙe cokali. Ita ke ba shi abinci, ita ke gasa masa kafaɗa da ruwan zafi, ita ke ɓalle masa maɓallin riga. Takan fito ta ce, "Wallahi Rabi na gaji, kamar mai jego." Ni kuwa da za a ba ni wannan gajiyar da na karɓa hannu biyu. Na raba tukunya. Na ce mata hayaƙin murhunta ke damun idona.

Sau uku na durƙusa gaban Malam Sani. Na ce, "Malam, tare aka tafi da ku. Ina ka baro shi?" Duk sau ukun ya juya fuska ga bango ya ce, "Allah ya bayyana shi, Rabi."

Farkon damina Hadiza ta zo. Ɗiyar wani maƙwabcin Yaya ce, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ta ce tana rubuta bincike a kan tsare mutane da azabtar da su, da haƙƙin ɗan Adam. Ta zo da takarda mai tambayoyi, da wata ta dangwala yatsa, wadda a ciki ta yi alkawarin sauya sunan duk wanda ya yi magana da ita. Na ce ga ni, ta fara da ni. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri Yaya Rabi, malaminmu ya ce sai waɗanda aka tsare su da kansu."

Na ɗauka Malam Sani zai kore ta. Bai kore ta ba.

Ƙarfe goma suka zauna a zaure. Ta ajiye wayarta a kan tabarma, tsakaninsu, tana ɗaukar maganar. Talatu ta zauna a bakin ƙofa don kada kowa ya shiga. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe. Ina jin muryarsa, ba na jin kalmomin. Magana yake yi ba tsayawa, mutumin da wata biyu bai haɗa jimla uku ba. Sau ɗaya muryar ta karye, sannan ta ci gaba. Na tankaɗe garin nan sau uku. Ba su tashi ba sai da aka kira azahar.

Hadiza ta fito idonta ja. Ba ta dube ni ba. Na bi ta har ƙofar gida.

"Ya ambaci Haruna?"

"Yaya Rabi, amana ce. Na yi masa alkawari."

"Amanar mi? Mijinki ne? Wata bakwai ina bin ƙafa, ke kin zo da waya rana ɗaya an zuba maki. Ki kai wa malaminku ya ba ki maki, ni kuma in ci gaba da kallon ƙofa."

Ban saba faɗin irin wannan ga ɗiyar mutane ba. Na dubi jakarta. Abin da nake nema yana ciki, taku biyu daga inda nake tsaye, kuma ba nawa ba ne. Sai ta juya ta koma zauren. Wannan karon na ji abin da ta ce. Ta ce, "Baba, ba zan faɗa ba, tunda na yi alkawari. Amma ba ni ya kamata in fara ji ba."

Washegari da hantsi Malam Sani ya zo ƙofar ɗakina, Yaya yana riƙe da shi. Ya zauna a ƙasa. Bai dube ni ba. Ya ce ɗaki ɗaya aka sa su, ba taga. Ya ce kullum da safe ana fitar da mutum a rataye shi ta hannu, a ce ya kawo sunaye. Haruna amsa ɗaya yake bayarwa, cewa duk tayar da aka kawo masa yana liƙewa, ba ya tambayar mai ita. Ya ce rana ta shida aka rataye shi, shi Malam Sani, tun safe har rana ta take. Aka ce ya faɗi ko ya taɓa ganin Haruna da mutanen daji. Ya ce masu ya gani.

"Ban gani ba, Rabi. Wallahi ban gani ba."

Bayan haka Haruna kawai ake fitarwa. Rana ta tara, Laraba, kafin azahar, ya cika, kansa a kan cinyar Malam Sani. Ya nemi ruwa, babu. Ya yi kalmar shahada. Da la'asar aka ɗauke shi. Ba wanda ya san inda aka kai shi.

Ban yi kuka a gabansa ba. Talatu tana bayan labule tana yi, na ji haushin ta riga ni.

Hadiza ta dawo bayan mako biyu ta yi mani gaisuwa. Na tambaye ta ko Haruna yana cikin littafinta. Ta ce yana ciki, amma da wani suna, kuma a cikin labarin Malam Sani. Ban ga laifinta ba. Na sa babbar ɗiyata ta yago mani takardu daga littafinta na makaranta.

Yaya ya kai ni wurin liman don in shiga takaba. Liman ya tambayi ranar, ya ƙirga a yatsunsa, ya sake ƙirgawa. Ya ce daga ranar rasuwa ake lissafi, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wata huɗu da kwana goma sun wuce tun kafin Malam Sani ya dawo. Ya ce babu takaba a kaina.

Na dawo gida na ƙirga da kaina. A cikin kwanakin nan na yi kitso sau tara. Kullum ina sa kwalli, don kada ya dawo ya same ni a hargitse.