Kafaɗar Duane Koskela

Duane Koskela ya tashi a garin Hibbing, a gidan da ba a yawan magana. Ubansa mai haƙar tama ne, mutumin da idan ka ce masa ka gama aiki sai ya ce mu je in gani. Da wannan tarbiyya Duane ya fito. Tun yana saurayi ya kama sana'ar kafa allunan bango da silin, waɗannan manyan fararen alluna da sai mutum biyu suke ɗaga ɗaya. Fiye da rabin rayuwarsa ya yi yana riƙe da ƙarshe ɗaya, Gordy Lahti, yayan matarsa Lorna, yana riƙe da ɗayan. Gordy ne mai akori-kura da kayan aiki, shi yake samo kwangila. Duane shi ne mai hannu. Duk garin an san silin ɗin da ya kafa ba ya tsagewa.

Wata kaka kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Jijiya ce ta tsinke, aka yi masa aiki a asibitin birnin Duluth, ya dawo gida hannu a rataye. Likitar gashin ƙashi ta koya masa motsin da zai riƙa yi safe da yamma, ta ce sai a hankali. Gordy ya ce zai riƙe masa gurbinsa har ƙanƙara ta narke, zai lallaɓa da ƙananan ayyuka kafin nan. Bayan haka kuma dole ya nemi wani, domin silin ba ya kafa kansa.

Duane ba ya yarda da sauƙin da bai gani da ido ba. Duk wanda ya ce masa ai kana samun sauƙi, kallonsa kawai yake yi. Saboda haka ya je katakon ƙofar kicin, inda Lorna ta riƙa zana tsayin 'yarsu tun tana ƙarama har ta bar gida, ya zaɓi ɗaya gefen da babu komai. Can sama ya ja jan layi, daidai inda yatsun mutum suke kaiwa idan zai ɗaura sukuru a silin. Daga nan kowace Lahadi da safe sai ya tsaya da safa, ya jingina da katakon, ya ɗaga hannun iya ƙarfinsa, Lorna ta ja layi da fensirin kafinta daidai inda yatsansa ya kai.

Da farko abin ya yi daɗi. Layukan suka riƙa hawa kamar matakala, daga ƙirji zuwa haɓa, daga haɓa zuwa kunne. Idan motsin ya yi zafi har hawaye ya cika masa ido, sai ya juya ya dubi katakon ya ci gaba. Da kofinsa a hannu yakan tsaya yana kallon layukan kamar mai kallon gona.

Da suka kai saman kunne kaɗan sai suka tsaya. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo, Lorna tana maimaita layi a kan layi har wurin ya yi baƙi ƙirin. Ta ce masa likita ai ta faɗa, akwai lokacin da jiki yake hutawa. 

Wata Lahadi Lorna ta tafi coci da wuri. Duane ya shigo daga kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, da takalmin aikinsa a ƙafa, ya ɗauki fensirin da hagu ya auna kansa. Layin ya hau da kusan faɗin yatsu biyu. Sai da ya ja shi sannan ya dubi ƙafarsa, ya ga takalmin ne ya ƙara masa tsawo. Goge layin bai fi shafar babban yatsa ba. Amma ya ajiye fensirin ya je ya zuba kofi.

Lorna ta dawo ta gani, ta yi murna, ta gasa masa burodin kirfa. Ya ci, bai ji ɗanɗanonsa ba.

Matsalar layin ƙarya ita ce na mako mai zuwa dole ya fi shi. Ya ce wa Lorna ta huta, zai riƙa aunawa da kansa. Mako na gaba ya sa takalmi ya ƙara da ɗage. Na bayansa ya karkata ƙugu, ya miƙa haƙarƙari. Ya daina zuwa wurin likitar, domin ita tana sa mutum ya manna baya da bango ne ta auna, kuma ba ta da wasa. Motsin ma ya rage shi. Abin da yake sa shi jure zafin a da shi ne katakon, yanzu kuwa layin yana hawa ko ya yi ko bai yi ba.

Wata safiya ya buɗe kabad zai ɗauki kofi, ya tarar an sauko da kofunan duka zuwa kanta ta ƙasa. Ba wanda ya ce masa komai. Lorna tana wanke-wanke ta ba shi baya.  Ya so ya yi magana, amma bai san ta inda ake fara irin wannan ba, a gidansu ba a koya masa ba.

Ƙanƙara ta fara narkewa Gordy ya zo shan kofi. Ya samu babban aiki, zauren taro na wata coci, silin ne zalla. Ya ce akwai wani mutum daga garin Virginia da suka fara magana, ya iya aiki, amma surutunsa ya fi rediyo. Yana cikin faɗa idonsa ya kai kan katakon. Ya tashi ya ƙura wa layin ƙarshe ido, saura kaɗan ya taɓa jan layin.

“Kai, tsohon banza, ashe ka warke kana nan kana cinye wa ƙanwata abinci? Litinin ka fito. Zan sallami mai rediyon.”

Duane ya dubi Lorna. Ita kuma ta dubi kofinta. Ya ce, “To.”

Ranar Litinin suka hau benci kamar yadda suka saba, kowa da ƙarshensa. Suka ɗaga allon farko, suka tokare shi da ka. Nauyin ya zauna masa a tsakar ka yadda ya sani tun yana saurayi, har ya ji kamar komai zai yi daidai. Ya danne allon da hagu, ya zaro injin sukuru daga ɗamara da dama, ya ɗaga. Hannun ya kai saman kunne ya tsaya cak. Ya yi ɗage, ya karkata ƙugu kamar yadda ya saba a kicin. Da ya karkata sai kansa ya zame daga ƙarƙashin allon. Allon ya sulluɓe, gefensa ya sauka a fuskar Gordy, ya faɗi ƙasa ya rabe biyu.

Gordy ya zauna a kan bokiti da tsumma a gira, jini yana bin gefen hancinsa. Tabaransa yana ƙasa a karye. Bai yi zagi ba, kuma Duane ya fi son a ce ya yi. Da Gordy ya numfasa sai ya ce masa ya sauko, ya manna baya da bango, ya ɗaga hannun. Duane ya yi. Gordy ya kalli inda hannun ya tsaya da ido ɗaya.

“Wa yake jan layin nan na gida?”

“Ni.”

“Lorna ta sani?”

“Ta sauko da kofuna.”

Gordy ya gyaɗa kai. Ya ce da ya faɗa masa gaskiya, da ya ba shi aikin ƙasa, liƙe haɗi da shafe, har kafaɗar ta dawo. Amma yanzu ba zai iya tsayawa ƙarƙashin allo ɗaya da shi ba, domin mai riƙe ɗaya ƙarshen ba ya ganin hannun abokinsa, yarda kawai yake yi. Ya lalubo wayarsa. Duane ya ɗauki tsintsiya yana tara farin garin allon, yana jin Gordy yana ba mutumin Virginia haƙuri, yana roƙonsa ya zo gobe.

Duane ya koma wurin likitar. Ta ce watannin da ya yi wasa da su sun sa kafaɗar ta ƙage, za a samu ƙari amma ba duka ba. Haka kuwa aka yi. Bai sake kafa silin ba.

Yanzu yana aiki a shagon kayan gini da yake bakin hanyar fita gari, shi yake loda wa mutane alluna da motar ɗaga kaya. Ba ya barin allo mai tsagaggen gefe ya fita. Gordy yana zuwa sayayya kusan kowane mako, da tabo a girarsa ta hagu inda gashi bai sake fitowa ba. Yakan leƙo ta tagar akori-kura ya ce, “Mijin ƙanwata, a loda min da kyau, ido ɗaya ya rage min mai kyan gani.” Yaran shagon su yi dariya. Duane ba ya yi. Yakan loda, ya zaga ya ja kowace igiya da hagu ya tabbatar ta ɗauru, sannan ya buga bayan motar alamar a tafi.