Kiran Da Ya Iso Mana Kamar Waƙa

Ranar Asabar, sha ɗaya ga watan jiya, Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinSa. Yayana, Mai Gwangwani kamar yadda yaran unguwa suke kiranka, ka cika a hanyar asibiti bayan rumfar da kake hawa a gona ta rufta da kai. Sai yau hannuna ya iya riƙe alƙalami.

Gonarka tana hayin kogi, gidanmu yana wannan gaɓar. Idan hatsi ya fara nuna, tsuntsaye sukan sauko kamar hadari, kai kuma ka hau rumfa, ka ja igiyar da ka jera wa gwangwanaye, ka yi ta ihu kana korarsu. A wurinka aiki ne mai cin maƙogwaro. Mu kuwa da muke tsakar gida, kafin sautin ya tsallako ruwa ya riga ya yi laushi. Kukan tsuntsaye, ƙarar gwangwani, kwaɗin bakin ruwa da muryarka duk sai su haɗu su zama abu ɗaya mai daɗi. Saboda shi Inna take sa a shimfiɗa mata tabarma da yamma.

Na taɓa ce maka waƙar gonarka ta fi rediyo. Ka yi dariya har da tari, ka ce, "Waƙa, ƙanwata? Zo ki tsaya nan ki ji. Faɗa suke yi, kowa cikinsa ya sani. Ni ma ba rerawa nake ba, zaginsu nake." Washegari ka tsallaka da ni a kwalekwale. Ban daɗe ba na toshe kunnuwana, kai kuwa ka samu abin tsokanata har damina ta fita.

Duk da zagin, kullum sai ka bar musu kusurwa ɗaya ba ka kai igiya ba, wai su ma suna da 'ya'ya. Da maƙwabcin gonarka ya kwanta ciwo, ka ƙara igiya har cikin gonarsa, ka yi ihun mutum biyu. Da mijina ya rasu, ban taɓa ganin lokacin da kake ajiye buhu a bayan ƙofata ba, kuma in na yi godiya sai ka ɗaure fuska.

A yammacin Asabar ɗin muna zaune mu uku, ni da Inna da matarka. Muryarka ta zo da ƙarfi fiye da kullum, gwangwanaye suna ta kaɗawa ba tsayawa. Matarka tana tsince wake, ta ce, "Yau dai maigida ya dage." Inna ta ce muryar ɗanta ba ta tsufa. Muka yi dariya. A lokacin kana ƙasa, itacen rumfa ya soke ka a cinya, jini yana zuba, kana jan igiya da hannu ɗaya kana kiran sunayenmu. Sunayen ba su tsallako ba, amon kaɗai ya iso. Maƙwabcin gonarka ne ya tarar da kai da ya zo duba gonarsa, kuma shi ya gaya mana abin da ka iya faɗa: "Na yi ta kira."

Tun ranar matarka ba ta sake zama a tsakar gida ba. Tana rufe taga tun la'asar, abinci sai an matsa mata, tana cewa kunnenta ne ya kashe ka. Yaya, da kana nan da ka yi mata faɗa. Ni dai abin da nake gaya mata shi ne, mu uku muka ji, kuma da duk unguwa aka tara a tabarmar nan, abin da za su ji ke nan. Ina tsoron kada mu rasa ta ita ma.

Tsuntsaye sun cinye gonar yanzu. Da yamma kukansu yana isowa, kuma har yau da daɗi. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da 'ya'yanka, da maƙwabcinka wanda ya ɗauke ka a kafaɗa, da matarka, Allah ya sanyaya mata zuciya ya mayar mata da barcinta. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa jinin da ka zubar ya zama kankarar zunubi, ya yalwata makwancinka. Mu nisa ya ruɗe mu. Shi babu kogi tsakaninka da Shi, ya ji kowace kalma.