Gwangwanayen Furen Ummi

Wata safiyar Talata ce cikin tsananin zafi, a farkon shekarun 1970, ina da shekara tara, aka fito da mahaifiyata Ummi daga gidanmu na unguwar Karantina, can ƙasa mai tsarki, ana rirriƙe da ita za a kai ta asibiti, ga tsohon ciki ga zazzaɓi. Har ta kai bakin ƙofa ta waiwayo, ta nuna mini gwangwanayen da ta jera a gindin katangar langa-langa, ta ce, "Safiya, kada ki bar mini su su mutu."

Tsofaffin gwangwanayen man girki ne ta cika da ƙasa, ta dasa lalle da raihan da wani jan fure mai kama da ƙaho, ga ɗan zogale a kusurwa. Wannan jan furen shi ke kawo mana wasu 'yan tsuntsaye masu siririn baki, baƙi-baƙi masu sheƙi, su tsaya a iska suna tsotso kafin su sauka kan reshe. Kakarmu Iya, wadda ta zo Hajji a ƙafa ba ta koma ba, ta ce a garinsu sha-kauci ake kiransu. Mukan bar wasan 'yar carafke mu yi tsit muna kallonsu.

Sai ga ruwa ya yi wuya a unguwar. Mu wuni a layin famfo mu dawo da garwa ɗaya, wata rana ma ba komai. Iya ta kama ni da moɗa a gindin lalle, ta ce, "Mutane ba su sha ba, ganye zai sha?" Furanni suka kaɗe, tsuntsayen suka daina zuwa. Ba a barin yara shiga asibiti, kuma Baba in ya dawo ba ya cewa komai sai "Da sauƙi." Ni kuwa na riga na saka a raina cewa in shukar ta mutu, Ummi ba za ta dawo ba.

Wata la'asar Baba ya tarar da ni ina kuka a wurin. Bai tambaye ni ba. Ya ɗauko butarsa ya tsuguna, ya yi alwala a kan gwangwanin jan furen. "Halas, shi ke nan," in ji shi, "daga yau nan ne wurin alwalar gidan nan." Har Iya ta bi, tana mita tana wanke ƙafa a gindin zogale. Ruwan wankin shinkafa ma can yake ƙarewa.

Ranar da aka sallamo Ummi da jaririnta, ta rame ƙwarai amma da ƙafarta ta shigo. Lalle ya bushe, sauran sun rayu, har da toho. Ta zauna a tabarma tana dubansu, ni kuma na kwanta a jikinta na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Kafin suna tsuntsu ɗaya ya dawo.

Yanzu an rushe Karantina, ko lungunmu ba zan iya nunawa ba. Ina zaune a hawa na huɗu, ruwa na zuba da zarar na murɗa famfo, jikokina kuma ba su taɓa ɗaukar garwa ba. Ruwan ya samu, ƙasar da zan zuba shi ce babu.