Ƙwaron da Ya Ji Kunyar Tumfafiya

Kakata Inna Kulu ba ta yin tatsuniya sai an ci tuwo an wanke hannu. A ƙauyenmu na ƙasar Rabah, lokacin sanyi, takan hura wuta a tsakar gida da busassun karan tumfafiya, mu jikoki mu kewaye ta. Karan ba ya jimawa, yana kamawa yake cinyewa. Shi ya sa tatsuniyarta gajera ce. Wuta na mutuwa, magana ta ƙare.

Ni take fara tsokana. "Mai gidana, matso. Tunda ba ka kawo cefane ba, ko kunne ka kawo." Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta hanya."

Wai Tumfafiya ba ta da masoyi. Akuya ta shinshina ta wuce. Manomi ya gan ta ya sare. Uwa ta hana ɗanta taɓa ta, don nononta yana ɓata ido. Duk da haka in ta yi fure sai ta zuba zaƙi a ciki, ta bar ƙofa a buɗe. Tururuwa ta zo, zuma ta zo, rina da malam-buɗe-littafi su zo. Amma babban baƙonta shi ne baƙin ƙwaron nan ƙato mai huda azara. Inna tana ce masa Ɗan Ƙugi, kuma in ta zo kansa sai ta kumbura kumatu ta yi ƙugin, mu yi ta dariya.

Ran nan Rina ta tare shi. "Kullum kana gidan matalauciya, ka sha ka tashi. Mi ka taɓa kawo mata?" Ɗan Ƙugi ya shige raminsa cikin azara, ya zauna da yunwa. A shekarar furen Tumfafiya ya bushe ya zube, ko ɗa ɗaya ba ta yi ba. Ta aiki Tururuwa ta kira shi. Da ya zo, Tumfafiya ta tambaye shi.

"Mi ya hana ka zowa?"

"Kunya. Ina sha, ba ni kawo komi."

"Dubi ƙahwarka."

Ya duba. Ga wani ɗan abu rawaya maƙale, gida biyu, kamar mangalar jaki. Ta ce, "In ka sha, ni kan ɗaura maka wanga kaya ka kai ma 'yar'uwata, ita ma ta ɗauro maka nawa. Da shi muke haihuwa. Ƙananan ƙwari ba su iya ɗauka tai. Kunyarka ta hana ni ɗiya."

A nan wuta ta mutu. Inna ta ce mu tashi, ta gaji da warin ƙafafunmu.

Na girma, na yi noma, na aurar da 'ya'ya. Sai 'yan bindiga suka shigo mana. Suka kora shanu, suka ƙona rumbuna. Na binne waɗanda na binne. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Na iso Goronyo da riga ɗaya, gidan mijin ɗiyata Asabe. Mutumin kirki ne, yana kamun kifi a dam, yana noman albasa. Ya ba ni ɗaki kusa da zaure. Amma surukina ne. Tunda ya auri ɗiyata ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Yau ga ni kwance a ɗakinsa, hatsinsa ake tuƙa mini.

Na fara cewa azumi nake. Da magariba in ce na ci a masallaci. Kwano ya zo, kwano ya koma yadda ya zo. Daga baya na yanke shawarar komawa ƙauye. Na san abin da ya sami wasu da suka koma. Na ga ya fi mini sauƙi.

Da safe Asabe ta same ni ina ɗaure tabarma. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, ina za ka?"

"Gida."

"Wane gida? Toka?" Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. "Maƙwabta na ganin kwano shina komowa cike. A bakin dam ana ce ma surukinka mai horon suruki da yunwa. Shi ma ya bar cin abin kirki, ko kasuwa ba shi son hita. In ka koma aka kashe ka, mi za a ce mishi? Ni kuma da wane ido zan zauna gidan ga?"

Na fita na zagaya bayan gida. Akwai tumfafiya a bakin hanyar ruwan da ake ba albasa, ta yi fure, fari da shunayya. Ga baƙin ƙwaron a kai, yana ƙugi, ya tura kansa ciki yana sha ba ya duban kowa. Na daɗe a tsaye. Na ji muryar Inna kamar tana bayana. Ashe duk kwanakin nan mutuncina nake karewa, ina zubar da na mutumin da ya buɗe mini ƙofa. Wannan kunyar ta fi ta farko zafi.

Na koma na kwance tabarma. Da aka kawo tuwo da miyar kifi, na juya fuskata ga bango na cinye. Na ajiye kwanon a waje, inda mai wucewa zai gani.

Kunya ba ta sake ni ba. Har yau bango nake fuskanta in zan ci. Ban san ko akwai abin da ke ɗaure a ƙafata da zai amfani gidan nan ba. Ɗan Ƙugi ma bai san nasa ba sai da aka ce ya duba. Abin da na sani shi ne, washegari surukina ya zo wucewa, ya ga kwanon, ya tsaya. Ya cire takalmi ya gaishe ni daga bayan ƙofa, da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji. Sannan ya ɗauki kalli, ragarsa ta kamun kifi, ya nufi dam.